Gidan burodin da na ce wata uku ya shiga wata takwas, ina kuskuren yake?

Sani_Aboabo
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da damuwa, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka fi ni gogewa. Shekara 11 ina sarin burodi ina rarraba wa masu shayi da ƙananan shaguna daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, a nan Kumasi ta ƙasar Ghana. Bana na ce bari in buɗe nawa gidan burodin. Na kama hayar wani tsohon sito a Aboabo Namba Biyu, na biya shekara biyu. Yayana da ke Turai ya sa kuɗinsa, ni ma na sa abin da na tara. A lissafina wata uku mun fara gashi. Yau wata takwas ke nan ko burodi ɗaya bai fito ba.

Ga inda nake. Tanderu yana Magazin, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe, wajen mai walda, rabi an gama rabi ba a gama ba. Mun sa tayil a ƙasa gabaki ɗaya, sai mai famfo ya zo ya ce babu hanyar ruwan wanki, aka fasa tayil ɗin tun daga tsakiyar ɗaki har bakin ƙofa. Injin kwaɓa fulawa na saya tun wata na biyu, yana nan cikin kwalinsa, domin sai bayan na kawo shi na gane wutar tiri-fes, babbar wuta mai layi uku, yake ci, ni kuwa ƙaramar mita ce a wurin. Kashi uku cikin huɗu na kuɗin sun tafi. Saura wata huɗu azumi, kuma duk mai harkar burodi ya san abin da azumi yake nufi. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar KNUST ya ce matsalata ba ni da tsarin aiki a rubuce. To wannan tsarin na takarda yana yi wa ƙaramin ɗan kasuwa irina aiki, ko na manyan kamfanoni ne? Kuma daga ina zan kama yanzu?

Mai_Koko_Asawase
Wa alaikumus salam. Allah ya warware maka Yaya Sani. Ina bin zancen nan, domin ni ma so nake in mai da rumfata shago.

Injiniya_Tafo
Malam Sani, ɗanka ya faɗa maka gaskiya, sai dai kada kalmar tsari ta tsorata ka. Ba littafi za ka rubuta ba. Sarin burodin da ka yi shekara 11 kana yi aiki ne mai maimaita kansa, na jiya shi ne na yau, kanka ya riga ya haddace shi. Buɗe gidan burodi kuwa aiki ne mai farko da ƙarshe, sau ɗaya za ka yi shi, kuma ba ka taɓa yi ba. Irin wannan ba a riƙe shi a ka.

Daren yau ka ɗauki littafin makaranta mai layi. Shafin farko ka rubuta abin da kake nufi da an gama. Misali: ranar kaza, ana kwaɓa buhu kaza na fulawa a rana, da wuta, da ruwa, da gas, da takardun hukuma. Duk abin da ba ya cikin wannan jimlar, kamar allon suna mai fitila ko fentin waje, ba na yanzu ba ne.

Shafi na biyu ka jera duk sauran aiki, komai ƙanƙantarsa. Gaban kowanne ka amsa tambaya uku: wa zai yi, kwana nawa zai ci, kuma me yake jira kafin a fara shi. Ta ukun nan ita ce ta ci ka. Tayil yana jiran bututun ruwa, ku kuka sa shi a gaba. Inji yana jiran mita, kai ka sayi inji ka bar mita. Idan ka gama jerawa za ka ga wata doguwar igiya ta ayyukan da ke jiran juna ɗaya bayan ɗaya. Tsawon wannan igiyar shi ne ranar buɗewarka, ba ranar da ranka yake so ba. Idan aikin da ke kan igiyar ya yi lattin kwana biyar, buɗewa ta yi lattin kwana biyar. Wanda ba ya kanta, kamar fenti, ko ya yi lattin mako ba abin da zai taɓa. A naka, ina kyautata zaton mita ce kan igiyar, domin ba a hannunka take ba. Gobe da safe ka je ka cike takardar nema, kafin ka sake taka Magazin.

Alhaji_Goro_Alabar
Ku yaran zamani komai takarda. Shekara 40 ina lodin goro zuwa Legas da Kano, na gina gida biyu, ban taɓa zana wani jadawali ba. Takarda ba ta tayar da birkila daga barci. Abin da ke gama aiki shi ne mai kuɗi ya tsaya a kan aikinsa da ƙafarsa tun safe. Sani, kai kana yawon raba burodi daga asuba zuwa hantsi, wa ka bari a wurin?

Sani_Aboabo
Baba Alhaji, ƙanin matata na bari. Yana da kirki, amma ba ya iya ce wa babba a'a. Ranar tayil ɗin ma shi ne a wurin.

Alhaji_Goro_Alabar
To ka ji. Ba rashin takarda ba ne, rashin ido ne.

Injiniya_Tafo
Baba, da girmanka, ido da takarda ba kishiyoyi ba ne. Ko Malam Sani da kansa ne a tsaye ranar, da ya bari an sa tayil, domin shi ma bai san bututu ne a gaba ba. Ido yana kama mai ha'inci, amma ba ya gaya maka abin da ya kamata ya riga wani. Kuma lodin goronku ma akwai tsari: kun san ranar da za a sayo daga ƙauye, ranar da za a tsince a sa ganye a ɗaure huhu, ranar da mota za ta tashi don a riski kasuwa. Shekara 40 ce ta rubuta muku shi a ka. Shi Sani wata huɗu gare shi.

Walda_Magazin
Bari in yi magana a madadin masu aikin hannu, domin kullum mu ake zagi. Ba ni nake yi wa Sani tanderu ba, amma na san yadda abin yake tafiya. Mutum zai zo ya ce a yi masa tanderu mai hawa uku, a yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami. An yanka ƙarfe an fara haɗawa, sai ya dawo ya ce ya ga na wani a Bantama mai hawa huɗu, a ƙara masa ɗaya. Bayan mako ya ce ƙofar a sa mata gilas. Kuɗi kuwa bai ƙara ko sidi ɗaya ba, kuma ranar da aka yi alkawari tana nan a bakinsa. Ƙarin hawa ɗaya ba ɗora faranti ba ne kawai. Tsawo ya canza, bututun gas ya canza, audugar da ke riƙe zafi a bango ba za ta isa ba, sai an sake saye. Sani, don Allah ka faɗa mana gaskiya, ka canza wani abu bayan an fara?

Sani_Aboabo
Na canza. Da farko na gawayi da itace muka yi magana, daga baya Yaya ya kira ya ce a mai da shi na gas. Sannan na ce a faɗaɗa shi ya ɗauki tire 12 maimakon 8.

Walda_Magazin
To wannan sabon tanderu ne, ba gyara ba. Ka koma wajensa ku zauna, ku zana shi a takarda da awo, inci nawa tsawo, inci nawa faɗi, kaurin ƙarfe nawa, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Daga ranar, duk canjin da ya zo maka a rai ka fara tambayarsa: nawa zai ƙara, kwana nawa zai ƙara. In ka ji amsar ka ga za ka iya, a rubuta a ƙasan takardar. In ba za ka iya ba, ka bar shi.

Hajiya_Tela_Sawaba
Zancen Walda ya tuna mini abin da ya same ni shekara biyu da suka wuce. Wata makarantar kuɗi ta ba ni ɗinkin yunifom 360, a kawo kafin a koma makaranta a Satumba. Ina da kekuna shida da yara biyar. Na yi lissafi a ka na ce mako shida ya isa har da saura. Abin da ban lissafa ba shi ne bajon makarantar da ake ɗinkawa a aljihu, wani ne yake yi a Adum, kuma sai an kai masa samfur ya yi mako biyu. Ni kuwa sai da muka gama riguna 200 na tuna da shi. Rigunan nan suna jibge a kan tabarma, babu wadda za a iya kaiwa, domin aljihu ba ya hawa sai da bajo. Ana cikin haka aka yi rasuwa a gidan babbar yarinyata ta tafi Tamale kwana tara, wuta kuma ta yi ta ɗaukewa. Na kai kaya bayan an koma da mako biyu, iyaye suna ta surutu, shekarar da ta biyo ba a ba ni aikin ba.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina da allo a bangon shago, na raba shi gida uku da alli: wanda ba a fara ba, wanda ake kai, wanda aka gama. Kowane aiki da sunan yarinyar da ke riƙe da shi. Kuma duk abin da zai fito daga hannun wani a waje, bajo ne, maɓalli ne, yadi ne daga Kejetia, shi nake fara aikawa tun ranar da na karɓi kafin alƙalami. Abin da ke hannuna zan iya kwana in gama shi. Na hannun wani ba ni da iko da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan in lissafina ya ba ni mako shida, takwas nake gaya wa mai kaya.

Zee_Nima
Gaisuwa daga Accra. Hajiya, allon nan naki shi ne abin da muke amfani da shi a ofis, sai dai namu a waya yake. Asalinsa daga kamfanin Toyota ne a Japan, suna kiransa kanban. Yaya Sani ka sauke manhajar Trello ko ka buɗe Google Sheets, kyauta ne, kuma Yayanka na Turai zai riƙa ganin komai daga can.

Hajiya_Tela_Sawaba
'Yata, ni Toyota ban san sun yi ba, wahala ce ta koya mini. Amma birkilan Sani da mai famfonsa ba za su buɗe wannan abin ba. Allo a bango kowa ya shigo zai gani.

Zee_Nima
Haka ne Mama. To ya yi allon, kowace Juma'a ya ɗauki hotonsa ya tura wa Yayan ta WhatsApp. Magana ta ita ce wanda ya sa kuɗi ya riƙa gani.

Boga_Hambok
Zee ta taɓo inda yake mini ciwo. Ni ina ɓangaren masu aiko da kuɗi. Shekara huɗu ina tura kuɗin gina shaguna uku a Kumasi, duk lokacin da na kira sai a ce aiki yana tafiya. Da na zo gida na tarar ko linta ba a kai ba. Ba wai an cinye kuɗin duka ba ne. An sayi bulo an bar shi ruwa ya yi ta duka, an ranta wa wani don biki, an biya magini gaba ɗaya ya tafi wani aiki a Ejisu. Babu wanda zai iya nuna mini rasit ɗaya. Sani, in kana son zumuncinku da Yayanka ya wuce wannan aikin, ka ware kuɗin gidan burodi daga kuɗin sarinka da na cefane. Lambar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, daban ko asusun banki daban. Duk sidin da ya fita a rubuta ranar, wa aka ba, na mene ne. Mu da ke waje ba rashin yarda ke sa mu tambaya ba. Wanda yake tashi ƙarfe huɗu cikin sanyi yana son ya ga inda guminsa ya shiga.

Amma zan faɗi laifinmu ma. Yayanka ya kira daga nesa ya ce a mai da tanderu na gas, alhali bai san abin da hakan zai ja ba. Mu ma mu daina ba da umarni ta waya. A aiki ɗaya mutum ɗaya ne zai riƙa yanke magana, sauran su ba da shawara.

Sani_Aboabo
Wallahi kuɗin a haɗe suke, Boga. Wani lokaci in masu shayi ba su biya ni ba, daga na ginin nake ɗauka in yi sari, in ce zan mayar. Wasu na mayar, wasu ban tuna ba.

Malam_Sabon_Zango
Ina so in ƙara wani abu ga Alhaji da yake ganin rubutu na yaran zamani ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Kuma a hadisin Ibn Abbas da ke Bukhari da Muslim, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo Madina ya tarar ana biyan kuɗin dabino tun kafin ya nuna, ya yi umarni cewa wanda zai biya gaba ya biya a kan sanannen mudu, sanannen nauyi, zuwa sanannen lokaci. Kafin alƙalamin da kuke ba masu walda da magina ai biya gaba ne. To ina sanannen awo, ina sanannen lokaci? Mu ne muka bar abinmu, muna jin kunyar ce wa ɗan'uwa mu rubuta, sai an ɓata a zo gaban liman ana rantse-rantse.

Alhaji_Goro_Alabar
Malam, rubuta bashi daban, wannan na yarda, ina da littafin bashi tun kafin a canza kuɗi a 2007. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya zauna ya ce ranar kaza zan gama. A ƙasar nan? Ku tuna 2022. Dala ta fara shekara wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 14. Wanda ya rubuta kasafinsa a Janairu, me takardarsa ta yi masa a Oktoba? Siminti da rodi kullum da sabon farashi.

Akanta_Adum
Alhaji ya kawo hujja mai ƙarfi. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, ba wanda ya tsara wannan. Amma ni abin da na gani a wajen mutanen da nake riƙe wa littafi, waɗanda suka san jerin kayan da aikinsu yake buƙata su ne suka tsira, domin da suka ga sidi yana zubewa sun san abin da za su saya su ajiye nan take: rodi, waya, kwano, bututu, kayan da ba sa lalacewa. Wanda ba shi da jeri ya riƙe kuɗi a hannu suna narkewa. Siminti ne kawai ba a tarawa da yawa, in ya sha danshi ya daskare.

Sani, ga shawarata a kan kuɗi. Kada ka tambayi kanka nawa ya rage. Ka tambayi kanka nawa ake buƙata a gama, ka sa farashin yau a gaban kowane aiki da Injiniya ya ce ka jera, ka ɗora aƙalla kashi 10 zuwa 15 na abin da ba a zata ba. Sannan abin da kusan kowa yake mantawa: kuɗin juyawa. Ranar da tanderu ya kama wuta kana buƙatar fulawa, suga, bota, yis, gas, leda da albashin yara, kuma masu shayi ba ranar suke biya ba, kai ka fi ni sani. Alkamar da ake niƙawa a Tema da Takoradi daga waje ake shigo da ita, saboda haka fulawa tana bin dala. In ka zuba komai a gini ka buɗe ba kuɗin buhu, ka gama aiki amma ba ka fara kasuwanci ba. In lissafin bai kai ba, gara Yayanka ya ji yau da ya ji saura mako biyu azumi.

Ɗan_Asokore
Ba wanda ya yi zancen takardun hukuma. Aboabo a ƙarƙashin hukumar Asokore Mampong take, ba KMA ba, wato hukumar birnin Kumasi, can za ka nemi izinin gudanar da kasuwanci. Abinci ne, saboda haka hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA za ta duba wurin, ma'aikatanka kuma sai sun yi gwajin lafiya na masu taɓa abinci. Tunda gas ne, ka nemi takardar 'yan kwana-kwana. Ka je ka tambaye su abin da suke so su gani tun yanzu da ginin bai rufe ba, kada a sake fasa wani abu. Su ma ka sa su cikin igiyar Injiniya, domin ba rana ɗaya suke fitowa ba.

Mai_Koko_Asawase
Haya shekara biyu da Yaya Sani ya biya fa? Na ji an ce doka wata shida ta ce.

Ɗan_Asokore
Haka dokar haya ta 1963 ta ce, kada a karɓi fiye da wata shida gaba. Amma je ki nemi shago a Kumasi ki ce wata shida za ki biya ki gani.

Zee_Nima
A Accra ma haka ne, wasu wuraren har a dala suke faɗa.

Akanta_Adum
Kada mu bar zancen ya tafi haya. Abin da ya shafi Sani a ciki shi ne wata takwas daga cikin 24 da ya biya sun tafi ba a sayar da komai ba. Kashi ɗaya cikin uku na hayar ke nan. Jinkiri kuɗi ne ko da ba ka ga sun fita daga aljihu ba.

Birkila_Moshi_Zango
A kan biya, ni a matsayina na magini na fi son a biya ni zango-zango. Mutane suna zaton muna son a ba mu duka a farko. Wanda ya karɓi duka ya kashe, sauran aikin ya zama kamar kyauta yake yi, shi ya sa ƙafarsa take nauyi. A raba: kaza in an fara, kaza in an kai wuri kaza mai aiki ya gani da idonsa, sauran in an gama. Kayan aiki mai shi ya saya da kansa ko mu je tare. Amma ku ma masu ba da aiki, in zango ya cika ku biya a ranar. Ina da lebura huɗu da ke jiran kuɗin abinci da yamma. In ka ce in dawo jibi, gobe zan tafi inda za a biya ni, kuma ba zan dawo ba sai na gama can.

Injiniya_Tafo
Abin da Birkila ya faɗa haka ake yi a manyan kwangiloli ma, har akan riƙe kashi 5 ko 10 sai an ga aikin bai nuna aibi ba bayan wasu watanni. Malam Sani, a tanderu ka riƙe kason ƙarshe sai an kawo shi, an haɗa gas, an gasa tire na gwaji ka ga ƙasa da sama sun nuna daidai. Kuma ka sa mako biyu na gwaji a lissafinka kafin azumi, domin sabon tanderu sai an koyi halinsa, wani gefen ya fi wani zafi.

Wani abu kuma, tunda za a sake zuba kankare inda aka fasa: kada a ɗora inji a kai washegari. Kankare yana son a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, kuma sai kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Wannan jiran ba ya raguwa don kana sauri, ko ka ƙara lebura goma.

Walda_Magazin
Riƙe kaso na yarda, amma a faɗa tun ranar ciniki. Ba sai na kawo kaya a aboboya, babur mai ƙafa uku, ba a ce za a riƙe.

Ɗalibi_KNUST
Ni ne ɗan da Kawu ya ambata. Abin da na nuna masa jadawalin Gantt ne, kowane aiki a ja masa layi a kan kwanakin kalanda. Sojojin ruwan Amurka ne suka ƙirƙiro shi.

Injiniya_Tafo
Ƙanina ka haɗa biyu. Jadawalin sunan Henry Gantt yake ɗauke da shi, tun wajen shekarun 1910. Na sojojin ruwan Amurka wani tsarin ne daban mai suna PERT, a 1958, lokacin aikin makamin Polaris. Ita kuwa doguwar igiyar da na yi bayani, kamfanin DuPont ne ya fara aiki da ita a ƙarshen shekarun 1950. Amma ka yi daidai da ka matsa wa Kawunka. Ka zauna da shi ku ja layukan a bayan tsohuwar kalanda, mako 16 ne kawai, takarda ɗaya ta isa.

Hajiya_Tela_Sawaba
Ni har yanzu zancen ƙanin mata ne yake damuna. Sani, ba a sa wanda ba zai iya cewa a'a ba ya tsare aiki. In ba za ka iya cire shi ba saboda gida, ka ba shi abin da zai iya, karɓar kaya da ƙirga su da ajiye rasit. Yanke magana kuwa a kira ka.

Alhaji_Goro_Alabar
Ko ya bar wa yaro rabon burodin na wata huɗu shi ya zauna a wurin. Na faɗa tun farko.

Boga_Hambok
Baba, in ya bar rabon, masu shayin da zai sayar wa nasa burodin gobe wani zai ɗauke su. Su ne jarinsa na gaske.

Sani_Aboabo
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Jiya bayan isha'i ni da ɗana mun zauna mun jera, ayyuka 31 suka fito, ni da nake zaton bai fi goma ba. Yau da safe na kai takardar neman mita. Na biya ta Magazin, mun zana tanderun mun sa hannu, ya ce mako biyar in na cika masa kuɗin ƙarfe. Lissafin Akanta ne ya tayar mini da hankali: in na ware kuɗin fulawa da gas na wata ɗaya, abin da ya rage ba zai kai ba, sai an samu ƙarin wajen sidi dubu 18. Ban kira Yaya ba tukuna. Tunanin da nake yi shi ne in mitar ba ta fito da wuri ba, in fara da burodin shayi kawai, in riƙa kai kwaɓi wajen masu injin haya kamar yadda ƙananan masu gashi suke yi, injina ya jira. Ban sani ba ko hakan dabara ce ko kuwa wani canjin ne irin wanda Walda ya hana.

Walda_Magazin
Wannan bai taɓa tanderu ba, ni ba ruwana.

Akanta_Adum
Rage buri don a riski rana ba laifi ba ne, amma ka lissafa kuɗin kai kwaɓi da dawowa kullum kafin ka yanke. Kuma ka kira Yayan yau.

Injiniya_Tafo
Ni ina da shakka a kan kai kwaɓi waje, domin masu duba tsafta za su tambayi inda ake kwaɓawa. Ka tambaye su in ka je. Nawa ne nisa daga sitonka zuwa injin hayar?

Mai_Koko_Asawase
Akwai ɗaya kusa da mu, amma da azumi layi yake yi tun azahar. Hajiya, allon nan naki, na katako ne ko bangon kika shafa wa baƙin fenti?